Layin da Yaya Ya Goge

Muhyiddeen ya goge layin umarnin kwamfuta da ƙanensa Hanif ya ƙara masa a cikin aikinsa. Bai tambayi dalili ba. Ya goge, ya rufe kwamfuta, ya ce kowa ya tsaya inda aka ajiye shi.

Shagonsu yana Bosso, kusa da jami'a. Wata 'yar na'ura suka haɗa da za ta riƙa kunna injin ban ruwa da kanta, kawunsu Alhaji Maliki ya yarda a gwada ta a lambun tumatirinsa na Wushishi. Batirinta ƙarami ne, dole ta yini tana barci, ta farka da safe ta ba da ruwa, ta koma. Barcin nan aikin Hanif ne. Shi ya shiga cikin babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, ya tsara yadda za ta kashe sassanta ɗaya bayan ɗaya. Agogon da zai tashe ta kuwa ɗan guntu ne mai nasa batirin, kuma rubutun da ke haɗa shi da manhajar, wanda suke kira direba, na Muhyiddeen ne.

Manhajar tana da doka. In za ta kwanta, kowa take kwantarwa, sai wanda ya shaida mata tun farko cewa shi ne mai tayarwa. Direban Muhyiddeen bai shaida ba. Wannan shaidar ce layin da Hanif ya ƙara, Yaya ya goge.

A shago laifin bai nuna ba, don muddin na'urar tana jone da kwamfuta gyangyaɗi kawai take yi. Hanif ya san a gona barcin zai yi nauyi. Ya so ya yi magana, ya fasa. Tun suna yara, in ya gyara wa Yaya ko da ƙidaya ce, mari yake sha, iyaye kuma su ce ya yi rashin kunya. Da hannunsa ya ɗaura na'urar a jikin injin.

Alhaji Maliki ya sallami masu ban ruwa, ya tafi Bida ɗaurin aure. Da ya dawo ya tarar da tumatir a kwance, ƙasa ta tsattsage. Agogo ya buga a kan lokacinsa, babu wanda ya ji shi.

Da azahar aka kawo musu na'urar. Muhyiddeen ya dangwarar da ita a kan teburi.

"Ka ga barcinka ko? Barcin mutuwa ka koya mata."

"Yaya, na kwantar da ita. Tayarwa naka ne."

"Ni kake gaya wa nawa?"

"Na rubuta maka. Ka goge."

"Da izinin wa ka taɓa min aiki? Lokacin da na fara wannan sana'a ko kunna kwamfuta ba ka iya ba. Ni na koya maka riƙe ƙarfen soda na liƙe waya, kana ƙona yatsu kana kuka."

"Har yanzu tabon yana nan. Layin ma yana nan a wajena."

Muhyiddeen ya dubi titi. Keke Napep suna wucewa, kowanne ya rage gudu sai ya ɗaga kai. Tun ɗazu Kawu ya kira ya ce ya taso daga Limawa. Ya kuma ce wanda ya jawo masa wannan ɓarna ya fita daga aikin, ba zai gabatar da shi ga ƙungiyar manoma don samun ciniki ba, ba kuma zai sake taka masa lambu ba.

Muhyiddeen ya rage murya, amma bai sassauta fuska ba.

"Saurara. Kawu bai san direba ba, bai san komai ba. Barci ya sani. In ya zo, ka ce barcin ne ka zurfafa. Ka durƙusa ka ba shi haƙuri. Kai yaro ne, zai huce. Ni in aka ce ni ne, shagon nan ya mutu."

"To layin fa?"

"Ka mayar da shi a hankali. Ba sai an ji ba."

Hanif ya tuna baya. Shekarun nan duka, in abu ya yi kyau na Yaya ne, in ya lalace na yaro ne. Kuma ya san Kawu. Ba ya hucewa. Wanda ya kora ya koru.

"In na fita daga aikin fa, Yaya?"

"Sai ka zauna a shago kana gyaran caja. Da can me kake yi?"

Wani keke ya tsaya a bakin kwata. Alhaji Maliki ya sauko, riƙe da busasshen tumatir da ya tumɓuko har saiwa. Muhyiddeen ya miƙe da sauri, ya taka ƙafar ƙanensa.

"Tashi ka tare shi. Ka faɗi yadda na ce."

Hanif ya janye ƙafarsa. Ya miƙe, ya cire hula don Kawu, ya dubi yayansa ido cikin ido.

"Ba zan faɗa ba, Yaya."