Zoben da Monica ta Ɗaure

Duk wanda ya zauna a layin su Stephen a Arkilla ya san ƙarar babur ɗinsa kafin ya san fuskarsa. Ƙaramin inji ne amma dogon babur, irin na shiga daji, tayoyinsa masu haƙora. Ya fara hawansa yana malamin gona, da aikin da ya kawo baburan ya ƙare aka yi gwanjonsu, sai ya sayi wanda yake hannunsa. Babu fadamar da bai shiga da shi ba a ƙasar Wamakko. Bai taɓa kai shi wajen bakanike ba. Ranar Asabar da safe yakan shimfiɗa buhu a ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida, ya jera sifanu, ya juye baƙin mai, ya wanke sarƙa da kananzir, ya goge fulogi, yana fito abinsa.

Sai ciwon suga ya kama shi. Wani ɗan gyambo ne a yatsan ƙafa, wanda ya raina, ya ci ya ci har likitoci suka yanke ƙafar dama daga ƙasan gwiwa. Ita ce ƙafar tayar da babur, ita ce ta birki. Ya dawo gida da sanduna biyu, ya sa aka lulluɓe babur ɗin da tamfol. Masu saye sun zo, har da wanda ya yi tayi mai tsoka, Stephen ya ce ba na sayarwa ba ne.

Matarsa Monica malamar firamare ce. A farkon zangon karatu aka mayar da ita wata makaranta a ƙauyen da ke can bayan Dundaye, inda kwalta ke ƙarewa. Keke napep ba ya wuce bakin titi, 'yan kabu-kabu kuma tun da mai ya yi tsada sai abin da suka ga dama suke cewa. Wani lokaci ta taka da ƙafa cikin rana, ta dawo gida ƙafafunta sun kumbura, ga girkin mai ciwon suga yana jiranta. Wata Juma'a da yamma ta ajiye jakarta ta tsaya a gaban tamfol ɗin.

"Baban Faith, zan fara hawa babur ɗin nan."

Stephen ya yi dariya. "Wannan? Maman Faith, wannan ba irin ɗan roba-roban da kika hau a Kafanchan kina budurwa ba ne."

"Na sani. Shi ya sa za ka koya mini."

Washegari ta yaye tamfol ɗin ba ta jira amsarsa ba. Abin mamaki, Stephen ya ji daɗin ranar. Ya sa ta jawo masa kujera gindin bishiya, yana nuna mata da sanda: ga inda ake kwance noti a zubar da tsohon mai, ga yadda ake taɓa sarƙa da yatsa a ji ko ta saki. Ta ɓata zaninta da giris, ya yi mata tsiya, ta rama. Rabon da a ji muryarsa ta tashi haka tun kafin asibiti.

Da suka gama ta hau, ta taka abin tayarwa da dukan ƙarfinta. Injin ya yi tari ya mutu. Ta sake, ta sake, can sai ya kama, ƙarar ta cika gidan. Stephen ya ji ƙafar da babu ita tana yi masa ƙaiƙayi, ya kai hannu zai sosa, ya tarar da wando a naɗe. Maƙwabcinsu Tambari, mai sayar da albasa, ya leƙo ta kan katanga yana washe baki.

"Kai, madalla! Oga Stephen, ashe gida ya yi sabon maigida!"

Wasa yake yi, har Monica ta yi dariya. Stephen ma ya yi murmushi, amma maganar ta shige shi ta zauna.

Matsala ɗaya ce ta rage. Babur ɗin ya yi wa Monica tsawo. In ta zauna, kan yatsunta ne kawai ke taɓa ƙasa, shi ma sai ta karkata. Stephen ƙato ne a da, kuma yakan ɗaura buhun iri a baya, don haka ya saita shokazoban baya, abin da ke shanye gargada, da tauri daidai nauyinsa. Monica ko rabinsa ba ta kai ba.

"Ba yadda za a yi ya ɗan sauko?" ta tambaye shi.

Akwai, kuma ya san shi kamar yunwar cikinsa. A saman sifirin ɗin shokazoba akwai zobba biyu masu haƙora. A kwance na sama, a sassauta na ƙasa ya yi sama, sifirin ya saki jiki, babur ya zauna ƙasa in an hau, ya kuma riƙa shanye gargada. Aikin da bai kai a dafa shayi ba. Ya dubi matarsa zaune a kan sirdinsa, hannunta a inda hannunsa ya goge fenti, sai ya ga safiyar Litinin: ita tana fita da ƙara, yara suna ɗaga mata hannu, shi yana kujera yana jiran ta dawo ta ba shi labarin hanya.

"Ɗauko guduma da wancan dogon ƙarfen," ya ce. "Kwance zoben sama. Yawwa. To na ƙasan, buga shi ya juya nan wajen."

Ya nuna mata wajen ɗaurewa. Ta durƙusa tana bugawa, zoben yana sauka yana matse sifirin, gumi yana ɗiga daga haɓarta. In ta tsaya ya ce ta ƙara. Da ta sake hawa sai ta yamutsa fuska.

"Kamar ma ya ƙara tsawo."

"Haka yake yi da farko. In kin hau hanya zai zauna."

Ta yarda, me zai sa ta ƙi? A ransa ya ce ba wani abu ba ne. Za ta zaga unguwa, ta ji yana wurgi da ita, ta tsorata, ta mayar da tamfol. Shi ke nan, babu wanda ya yi faɗa da wani.

Monica ba ta tsorata ba. Ta yi ta koyo a filin bayan coci har hannunta ya faɗa, ranar Litinin ta fita. Kullum takan dawo tana dafa ƙugu, ta ce bayan babur ɗin yana harbinta kamar jaki in ta shiga gargada, in za ta tsaya kuma sai ta nemi tudu ko dutse ta sa ƙafa. Stephen yakan ce rashin sabo ne kawai. Sau da yawa maganar zoben ta zo masa har baki, sai ya ga ai gobe za ta gaji da kanta.

Ranar da abin ya faru, azahar ta wuce ba ta dawo ba. Can ya ji keke napep ya tsaya a ƙofar gida. Wata mata da bai sani ba ta shigo tana riƙe da Monica, ƙafarta ta dama a naɗe da ɗankwali. Matar ta ce sunanta Rabi, gonarsu tana bakin hanya. A gangaren wani kwalbati bayan babur ɗin ya yi tsalle, ya sauka cikin rairayi, Malama ta kai ƙafa ƙasa ba ta samu ba, ya kwanta a kanta. Salansar babur ɗin mai zafi ta manne mata a ƙwauri, kafin mijin Rabi ya rugo ya ɗaga, ta riga ta ci nama. Shi mijin ya tura babur ɗin zuwa wajen Gambo bakanike a bakin titi.

A ɗakin shan magani na ƙauyen an wanke ƙunar, amma da yamma sai an canza bandeji. Stephen ne ya canza. Ya zauna a ƙasa ya ɗora ƙafarta a cinyarsa, ya buɗe. Faɗin tafin hannu, ja jawur, gefen ya yi ƙuna baƙi. Babu wanda ya fi shi sanin inda ciwon ƙafa kan kai mutum. Ya ɗauko sabon bandeji.

"Ka yi haƙuri," in ji Monica. "Tankin ya loɓa. Madubi ma ya fashe. Na san yadda kake ji da shi."

Ya sunkuyar da kai yana naɗa bandeji. "Ƙarfe ne," ya ce.

Ranar Asabar Gambo ya kawo babur ɗin da kansa. Basakkwace ne mai fara'a, ya daɗe yana zuwa aron sifana wajen Stephen. Ya kafe babur ɗin a gindin bishiya, ya gaida su, ya yi wa Monica sannu. Tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa.

"Oga, na miƙe tankin, na sa madubi. Amma wani abu ya ɗaure min kai. Wa yaɗ ɗamre wanga zobe haka?" Ya danna sirdin da hannu biyu, ko motsi bai yi ba. "Dubi, awa icce. Ko kai da buhu biyu bisa baya ba ka kai shi nan. Mace marar nauyi ta hau wanga, ai dole shi yada ta. Na so in sassauta, nic ce bari in tambaye ka, ka fi ni sanin abinka."

Stephen ya kafa wa zoben ido. Ya ji idon Monica a gefen fuskarsa.

"Ni na ɗaure," ta ce. Muryarta ba ta canza ba. "Ya yi mini bayani, ni ce ban gane ba. Wane waje ake juyawa ya sauko, Malam Gambo?"

Gambo ya nuna mata da yatsa. Ta gyaɗa kai a hankali, ta ce ya bar shi, za ta yi da kanta. Ta yi masa godiya, ta ce ya gaida gida.

Gambo ya fita. Stephen ya jira ta yi ihu. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Ka nuna mini da sandarka," ta ce. "Na tsaya, ka ce in ƙara."

"Ban yi zaton za ki faɗi ba. Na ɗauka za ki haƙura ki bar shi."

"Kullum ina dawowa ina gaya maka yana harbina."

"Maman Faith, ki dube ni. Ƙafa ta tafi, aiki ya tafi. Ke ke ciyar da gida, ke ke wanke ni. In kika ɗauki wannan ma, me ya rage mini?"

"Da sai ka ce kar in hau."

"Da za ki ji?"

"A'a," ta ce. "Amma da na san da wa nake zaune."

Ta dafa bango ta miƙe, ta ɗingisa ta ɗauko guduma da ƙarfen. Ya ce ta bari ƙafar ta warke, ko ta miƙo masa ya yi mata daga zaune. Ba ta waiwayo ba. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafar mai ciwo gefe, ta yi ta bugun zoben yana komawa sama, har ta danna sirdin da hannu ɗaya ya lotsa.

Ƙunar ta ɗauki lokaci, amma ta warke, ta bar tabo mai sheƙi. Monica ta koma hanya. Yanzu ƙafarta tana taka ƙasa sosai, ba ta sake faɗuwa ba. Ba ta gaya wa fasto ba, ba ta gaya wa matan zumunta ba. Ba ta fasa komai ba: tana auna masa abinci, tana duba ƙafarsa ta hagu kowace safiya ko wani abu ya fito, tana raka shi asibiti ranar ganin likita. Sai dai ranar Asabar ta daina jawo kujerarsa. Takan tura babur ɗin can bakin famfo ta yi aikinta ta ba shi baya.

Wata rana yana kallonta daga baranda ya ga ta ja sarƙar ta yi tauri da yawa. Ya daure, ya kasa.

"Ki ɗan sake ta. In kin hau za ta ƙara matsewa, ta ci haƙoran baya."

"To," ta ce, ta ci gaba da ɗaure noti yadda yake.

Da yamma ta fita cefane, ta dawo sarƙar a sake daidai yadda ya ce. Ya san ta biya ta wajen Gambo ne ta tambaya.

Da Kirsimeti 'yarsu Faith ta zo hutu daga Jos. Ta ga uwarta ta shigo da babur ɗin da buhun shinkafa a baya, ta yi ta tsalle tana ɗaukar hoto da waya. Suna cin abinci ta dafa kafaɗar ubanta.

"Baba, gaskiya ka iya koyarwa. Wane namiji ne zai ba matarsa babur ɗinsa, har ya zauna ya koya mata gyara? Zan ba ƙawayena labari."

Stephen ya dubi farantinsa.

"Ya koya mini kam," in ji Monica. Ta miƙa hannu ta janye kwanon shinkafa daga gabansa, ta tura masa na ganye. "Ci wannan. Waccan ta ishe ka."