Kwalbar da Milka ta Buɗe

"Ba zan buɗe kwalba saboda yaro ɗaya ba," in ji Sista Emilia. "Sauran maganin wa zai sha? Ni?"

"Allura ce, Sista, ba a sha," in ji Milka.

"Ki yi ta wasa. In ya lalace, ni za a kira ofis, ba ke ba."

Emilia ce shugabar ƙaramin asibitin da ke bayan Kagoma, Milka kuma mai yin rigakafi. Su biyu suka rage. Albashi ya maƙale tun kafin shukar citta, sauran ma'aikata sun koma gona. Dokar aikin a fili take: kwalbar rigakafin ƙyanda ta yara da yawa ce, in an buɗe ta da safe, kafin la'asar ta lalace. Shi ya sa ake jira ranar kasuwa, iyaye su taru.

A bakin ƙofa Sa'adiya ke tsaye, Bafulatana, da ɗanta a baya. Ta ce gobe rugarsu za ta tashi, kuma ƙyanda ta shiga rugar da ke kusa da su.

Milka ta ɗauko kwalbar daga firji ta buɗe. Ta yi wa yaron allura, ya tsala ihu.

"Kin kashe ni," in ji Emilia, a hankali.

"Sa'adiya, akwai yara a rugar?" in ji Milka.

"Akwai. Amma rafi ya cika."

Milka ta zuba ƙanƙara a kula, ta saka buɗaɗɗiyar kwalbar, ta jera allurai, ta fita. Emilia ta rufe asibitin ta bi su, tana faɗa har suka wuce gonakin citta. A bakin rafi ta tsaya.

Ruwan ja ne, yana jan rassa. Sa'adiya ta san mashiga, ta mayar da ɗanta wuya ta shiga. Milka ta cire takalmi, ta ɗora kular a ka, ta bi ta. Ruwa ya kai mata ƙugu, ya kai ƙirji. A tsakiya ƙafarta ta zame, ta nutse har haɓa. Hannayenta ba su saki kular ba. Ta tsaya cik, ruwa na dukanta, har ta sami ƙasa.

Emilia ta sha ganin Milka tana gyangyaɗi a kan benci, tana cin rogo ba mai. Amma wannan Milkar da ke cikin ruwa, ba ta san ta ba.

A ƙetare Sa'adiya ta ƙwala kira, mata suka fara fitowa daga cikin kara, kowace da yaro. Milka ta durƙusa a kan yashi, riga na ɗiga, ta buɗe kula.

Emilia ta zauna a kan dutse. Muryarta ba ta kai ƙetare ba.

"Milka, wa ya aike ki?"