Basmatin Inna Hajo

"Rabi, na ji ƙarar murfi."

Hannuna kuwa yana kan tukunyar. Na janye shi da sauri kamar yarinyar da aka kama a kwanon nama, ni da har na aurar da 'ya.

"Gyara shi na yi, Inna."

"Buɗewa za ki yi. Na san halinki."

Muryar Inna Hajo ce, maƙwabciyata, daga ɗakin da take kwance. Katangar da ta raba gidajenmu ta zube tun farkon damina. Maza suna ta cewa za a gyara, mu mata kuwa mun samu hanya, ba sai mun yafa mayafi mun zagaya ta zaure ba. Daga inda na ajiye risho ina hango ƙafar gadonta.

Na jira ta yi shiru, na ɗaga murfin a hankali, na sa ludayi na juya, na ƙara ruwa. Shekara da shekaru ina dafa shinkafa a cikin birnin Zariya, a gidan suna ma ni ake kira, wace shinkafa ce za ta gagare ni? Da na sauke, na buɗe na duba. Ta kakkarye, ta caɓe, ta manne da juna.

Na kai mata haka. Adama, matar ɗan wanta Malam Aƙilu, wadda ke jinyarta, ta tallafo ta zaune. Inna ta sunkuya ta shinshina, ta daɗe, sannan ta koma ta kwanta ta juya fuska wajen bango.

"Tuwo kika yi mini. Allah ya yi miki albarka."

Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Inna Hajo ta tafi Makka tana amarya, ita da mijinta, suka zauna a Jidda. A can ta haifi 'yarta tilo Jamilatu, a can ta binne mijin, a can ta tsufa. Wata rana aka kama ta a hanyar kasuwa ba takardun zama, aka sa ta a jirgi da kayan jikinta. Ta dawo gidan ubanta a lungunmu kamar baƙuwa. Jamilatu tana can da aurenta da 'ya'yanta, kuma tun daga ranar ba su sake ganin juna ba.

Duk shekara, in Alhaji Bahago mai ɗinkin riguna ya dawo daga aikin hajji, sai ya zo mata da ɗan buhu daga Jamilatu. Shinkafa ce siririya doguwa, Inna tana ce mata basmati, mu muna cewa shinkafar Jidda. Ba ta taɓa bari wani ya dafa mata ba. Ranar da ta ɗora, duk lungun sai ya sani, har masu wucewa zuwa masallaci su rage tafiya. Bana Alhaji bai samu tafiya ba, ciwo kuma ya kwantar da Inna. Daga asibiti aka ce a dawo da ita gida a ci gaba da addu'a. Ta daina cin komai, ko koko sai da rarrashi. Abu ɗaya ta roƙa, shinkafar nan, ita ce kuma na ɓata mata. Da muka zazzage buhun bara, abin da ya rage bai wuce gwangwani ɗaya ba.

Washegari da hantsi na ɗauko rishon na dasa shi daura da ƙofar ɗakinta ta ɓangarenmu. Shekarar da kananzir ya yi wuya ce, sai da na tsiyaye na fitila na ƙara.

"Inna, yau bakinki ne zai dafa. Hannu kawai na kawo."

Ta yi 'yar dariya wadda ta ƙare da tari. "Ashe kina jin magana."

Ta sa na wanke ta a hankali, da tafin hannu, ba mutsukawa. Na zubar da ruwa fari kamar nono, na sake, na sake, har ya fita garau ina ganin kowace ƙwaya a ƙasan kwano. Sai ta ce in jiƙa ta in bar ta.

"Har yaushe?"

"Har ta sha. Zauna. Ke ba ki iya zama ba."

Na zauna a bakin ƙofa. Hadari yana haɗuwa ta wajen dutsen Kufena, iska mai sanyi tana kaɗa labulen ɗakin. Inna ta lumshe ido ta ce irin wannan iskar ce ke tasowa daga teku da yamma. Ta ce a saman bene suke girki, tsakanin igiyoyin shanya, jiragen ruwa suna tsaye can nesa kamar an manta da su. Wata maƙwabciyarsu 'yar Pakistan ce ta koya mata, ba mai jin yaren wata, da hannu kawai suka yi. Jamilatu tana ƙarama tana tsugune gefen wuta, ita ma hannunta ba ya barin murfi.

"Irinki ce. Sai na buge hannun."

Ban taɓa ganin teku ba. Amma tana magana ina kallon tsakar gidanmu, sai na ga kamar ƙasar tana motsi a hankali, kajin Adama suna yawo a kan ruwa.

Da ƙwayoyin suka yi fari suka ƙara tsawo, ta sa na tsane su. Na narka man shanu kaɗan, na jefa kanumfari, na juye shinkafar, na sa gishiri. Ruwa kuwa gwangwani ɗaya da rabi, da gwangwanin da na auna ta. Raina bai kwanta ba.

"Inna, wannan ruwan ba zai dafa ta ba."

"Ba ruwa ke dafa ta ba, tururi ne."

Da ta tafasa, ta ce in shimfiɗa tsabtataccen ƙyalle a bakin tukunyar, in danne da murfi, in rage lagwani har wutar ta koma shuɗiya 'yar ƙarama. Daga nan ba buɗewa, ba juyawa, ba leƙe. In ta ce in kashe wuta, in kashe, in bar ta a rufe ta huta.

Na zauna na sa hannuwana a ƙarƙashin cinyoyina. Ruwan sama ya fara sauka siriri. Ƙamshin ya soma fita ta gefen ƙyallen kaɗan kaɗan. Can ta ce, "Kashe," da muryar da da ƙyar na ji. Na kashe.

Ban daɗe da kashewa ba Adama ta leƙo, idonta ya yi ja.

"Yaya Rabi, numfashin Gwaggo ya canza. In akwai abin da za a ba ta, a kawo yanzu."

Na miƙa hannu wajen murfin. Tsoro ya kama ni sosai. In na buɗe yanzu, wataƙila in sake ɓata ta, kuma babu wata. In na jira, wataƙila ta tafi ba ta samu ba. Sai na naɗe hannu da gefen zanina, na ɗauki tukunyar yadda take a rufe, na tsallaka ɓaraguzan katangar cikin yayyafi, na ajiye ta a kan kujerar tsugunno dab da gadonta.

An aika a kira Malam Aƙilu daga ofis. Adama tana wajen kanta tana maimaita kalmar shahada a hankali, leɓunan Inna suna bin ta. Can Inna ta lalubo da hannun dama, ta ɗora tafinta a kan murfin.

"Ba ki buɗe ba?"

"Ban buɗe ba."

"Yawwa, Jamila. Bari tukuna."

Na dubi Adama, Adama ta dube ni. Na durƙusa na matso kusa da kunnenta.

"To, Umma," na ce, yadda ta faɗa mini 'yar ke kiranta.

Muka jira. Ban san tsawon lokacin ba. Ruwa yana ɗiga daga indararo, hasken ɗakin ya yi laushi, mu uku muna zaune muna sauraron tukunyar da ba ta cewa komai. A rayuwata ban taɓa zama irin wannan ba, kuma ban ji ina son tashi ba.

"Buɗe," in ji ta.

Na zame murfin daga ƙarƙashin hannunta, na yaye ƙyallen. Tururi ya tashi ya lulluɓe fuskarta, ƙamshi ya cika ɗakin har ya fita tsakar gida. Shinkafar ta yi wara-wara, kowace ƙwaya ta miƙe ita kaɗai, fara tas. Na ɗebo kaɗan a yatsa na kai bakinta. Ba ta karɓa ba. Ta ja numfashi mai tsawo, ta riƙe shi, ta sake, fuskarta ta saki.

"Ta yi," ta ce.

Na mayar da murfin don kada ta huce, ita kuma ta mayar da hannunta kansa. Adama ta ci gaba da kalmar shahada, Inna ta bi ta sau ɗaya a fili, daga nan sai leɓe kawai.

Ana kiran azahar a masallacin unguwa Malam Aƙilu ya yi sallama, rigarsa a jiƙe. Ya duba ta, ya yi salati, ya shafe mata ido. Ni aka bari in gyara mata kwanciya kafin mata su taru. Na kama hannun hagu na miƙar da shi a gefenta, ya riga ya yi sanyi. Na ɗaga na dama daga kan murfin. Tafin yana nan da ɗuminsa, na riƙe shi a cikin nawa har ya huce.