Ranar da Auta Ta Mayar wa Babanta Aikinsa

Duk unguwar Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa gina gada ba. Kwamfutocin wani asibiti ya yi ta kula da su har ya yi ritaya. Mutum ne mai tsare gida, ba ya son dogon surutu. Amma in kana so ka ga ya gyara zama ya manta shayinsa ya huce, to ka tambaye shi labarin Jaki.

Jaki sunan wata 'yar manhaja ce da ya rubuta da hannunsa tun kansa bai fara furfura ba. Babu hoto, babu maɓalli mai launi. Baƙin allo za ka buɗe, ka rubuta umarni, Jaki ya ɗauki fayil komai nauyinsa ya kai inda aka aike shi. In intanet ta yanke a tsakiyar hanya sai ya tsaya ya jira, in ta dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Injiniya ya sake shi a buɗe, kowa ya karanta yadda aka rubuta shi, kowa ya kawo gyara. Daga baya wasu masu haɗa Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, suka saka shi cikin kayan da tsarinsu ke zuwa da su. Ta haka ya isa ƙananan asibitocin da Injiniya bai ma san da su ba, suna tura hotunan ƙashi da shi zuwa wurin manyan likitoci.

Masu taya shi aikin suna da zaure a intanet inda ake turo gyara a duba a gaban kowa. Doka ɗaya ya kafa musu: babu gyaran da zai shiga Jaki sai an gwada shi a tsohuwar kwamfuta, sannan wani mutum daban ya duba ya amince. A kan wannan doka ya mayar wa mutane aikinsu ba adadi, kuma ba ya sassauta harshe. Gaskiya dai, yana jin daɗin abin fiye da yadda ya kamata.

Da idanunsa suka fara gajiya da ƙananan haruffa, 'yan zauren suka zaɓi mai taya shi duba gyare-gyare. Zaɓin ya faɗa kan Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ke rubuta manhaja a wani kamfani, tana yin aikin daga ɗakinta a gidan.

Ana nan sai labari ya fito cewa masu haɗa tsarin sun canza hanyar tsare bayanai. Duk manhajar da ba ta koma sabuwar hanya ba kafin ƙarshen mako, za a cire ta daga fitowar tsarin ta gaba. Sunan Jaki na ciki. In aka cire shi, asibitocin nan za su sabunta kwamfutocinsu wata rana su rubuta umarni, allo ya ce musu bai san wannan suna ba.

Injiniya ya naɗe hannun riga, ya ƙara wa haruffan allonsa girma, ya duƙufa. Da ya gama ya gwada a sabuwar kwamfutarsa ta cinya, abu ya tafi sumul. Ya tura zaure har da ɗan kirari, ya ce tsoho bai tsufa ba. Saura kawai Auta ta amince.

Da safe yana kurɓar shayi amsarta ta shigo, a zauren, inda kowa ke gani. "Ban amince ba. Babu shaidar an gwada a tsohuwar kwamfuta. A gwada, a sake turowa."

Ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya miƙe da kofin a hannu ya nufi falo, inda Auta ke zaune ta ɗora ƙafa kan kujera tana cin burodi, uwarta kuma na guga a gefe.

"Ke Auta, mene ne wannan na gani?"

"Ina kwana, Baba."

"Bar gaisuwar tukuna. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki. Ƙafarki ciwo take yi, da ba za ki zo ki faɗa mini a kunne ba? Sai kin tara mini duniya?"

Ta sauke ƙafarta, ta ajiye burodin. "Baba, ka yi haƙuri. Amma duk waɗanda ka mayar wa nasu, a zauren ka mayar musu. In naka na bi ta bayan gida, da wane ido zan duba na wani gobe?"

"Ni na rubuta Jaki! Lokacin ko tafiya ba ki iya ba."

"Kai ka rubuta dokar ma."

Uwar ta kife dutsen guga, tana danne dariya. "Malam, ai ni na sha jin ka kana karanto mini yadda ka kori na wane, ka kori na wane, har da tafi. Yau an taɓa naka za ka hana mu karyawa?"

"Ke kuma wa ya saka da ke?"

"Gugarka nake yi, ai ina ciki."

Ya yi ƙwafa ya koma ɗaki. Abin da ya fi ci masa rai shi ne mabuɗin shigar da gyara yana hannunsa. Layi ɗaya zai rubuta aikin ya shige, ko ta amince ko ba ta amince ba, Jaki ya tsira, a wuce wurin. Har ya buɗe baƙin allon ya rubuta rabin umarnin. Ya daɗe yana kallon 'yar alamar da ke ƙiftawa a ƙarshen layin, sannan ya goge. Ba don ya yarda ta yi daidai ba, a'a. So yake ya nuna mata a aikace cewa ɓata masa lokaci ta yi.

Ya shiga ɗakin ajiya, ya ture katifar baƙi da tsohon keken ɗinki, ya jawo wata kwamfuta mai ƙaton kai da asibiti suka yar tun yana aiki. Bayansa ya ce ƙas da ya ɗaga ta. Ya kai ta teburin cin abinci, ya hure ƙurar, ya jona wayoyi. Ta yi tari, ta yi gurnani, ta tashi.

"Auta, zo ki gani da idonki."

Ta zo ta tsaya bayansa, uwar ma ta leƙo da riga a hannu. Ya tura ƙaramin fayil, ya wuce lafiya. Ya waiwayo ya dube su ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa cike da nasara. Sai ya ɗauko babban hoton ƙashi, irin wanda asibitoci ke turawa, ya danna.

Fankar cikin kwamfutar ta fara kuka. Lambobin da ke gudu a allo suka rage sauri, suka tsaya cak. Ya danna madannai, ko gezau.

Gumi ya karyo masa, domin nan take ya gane abin da ya yi. A gaggawarsa ya sa Jaki ya ɗauki fayil ɗin gaba ɗaya lokaci guda, maimakon kaɗan-kaɗan yadda ya saba. Sabuwar kwamfuta tana da wurin da za ta riƙe, shi ya sa bai ga komai ba. Tsohuwa kuwa ba ta da shi, kuma irinta ce a kusan duk asibitocin da ke dogaro da Jaki.

Ya tambayi Auta ba tare da ya juyo ba. "Kin san zai tsaya?"

"Wallahi ban sani ba, Baba. Na karanta ban ga matsalar ba. Da ya wuce ma, da haƙuri zan ba ka."

"To me ya sa kika mayar?"

"Ba a gwada ba."

Wannan amsa ta fi ratsa shi fiye da a ce ta gano kuskuren. Ba wayo ta yi masa ba. Ta ga sunan ubanta a kan aiki, ga wa'adi ya matso, ba ta da wata hujja sai doka, kuma ta tsaya a kanta. Shi da ya kafa dokar, ɗazu saura ƙiris ya tsallake ta.

Ya yini a teburin yana gyarawa, aka ci abincin rana a ƙasa saboda kwamfutar ta cinye wurin. Da yamma babban hoton ya wuce, a hankali, yadda Jaki ya saba tafiya. Ya sake turawa zaure, wannan karon babu kirari, sai bayanin gwajin da abin da ya lalace a na farko. Auta ta ɗauki tsohuwar kwamfutar ta shige ɗakinta da ita don ta gwada da kanta, ta rufe ƙofa. Injiniya ya yi ta kai-komo a baranda, hannu a baya, kamar ɗalibi a ƙofar ofishin shugaban makaranta.

"Zauna mana, Malam, kana sa ni jiri," in ji matarsa.

"Ba ki san yarinyar nan ba. Tana iya sake mayarwa."

Ba ta mayar ba. Ta amince, gyaran ya shiga, masu haɗa tsarin suka amsa cewa Jaki na nan a fitowa ta gaba.

A zauren kowa da laƙabinsa yake rubutu, don haka ba wanda ya san alaƙar mai duba gyara da tsohon. Washegari wani tsohon ɗan zauren, wanda ya sha kora a hannun Injiniya, ya rubuto yana tsokana. Ya ce shi dai yana so ya san ko wace ce wannan da ba ta tsoron tsoho, domin ya daɗe yana jiran wannan rana.

Injiniya ya karanta wa matarsa saƙon da ƙarfi, bakinsa har kunne. Alfahari ya cika masa ƙirji, bai kuma ɓoye ba. Ya jawo madannai, ya fara dogon bayani, ya goge, ya rubuta gajere.

"'Yata ce. Ni na haife ta, kuma ko ni ba ta ɗaga wa ƙafa."