Bakin Mushe Ousmane

A zamanin Nasara, idan kumandan ya ce kowane gari ya kawo yara lakwal, wato makarantar boko, ba wanda ke ba da ɗan da zai iya riƙe hauya. Shi ya sa ajin malamin garin Waca, wanda ake kira Mushe Ousmane irin kiran Faransawa, ya cika da waɗanda gona ba ta so: mai ɗingishi, mai i'ina, sai Balki, wadda zazzaɓi ya tafi da jinta tun tana ƙarama.

Ousmane bai yi ƙorafi ba. Mai i'ina ya bar shi ya rera amsa kamar waƙa. Balki kuwa ya zaunar da ita gaba, ya daina magana yana kallon allo. Duk abin da zai faɗa, sai ya juyo ta ga bakinsa. Kafin a cire gyaɗa sau biyu, yarinyar nan ta fi kowa rubutun Faransanci.

Sai ga mai duba makarantu daga Damagaram, wani Bature mai jan wuya, ya zo tankaɗe ajin. Wanda ya faɗi shifta, gida.

Mutumin nan kuwa shiftarsa a tafe yake yin ta, hannu a baya, yana zagaya bayan yara. Balki ta waiga neman bakinsa, ya dungure mata kai ta dubi gabanta. Allonta fes, ko ɗigo babu.

Ousmane ya hangi allon. Ya matsa inda za ta gan shi, ya shiga maimaita kalmomin da leɓe kawai.

"Satar amsa kake ba ta?" in ji Baturen.

"Ranka ya daɗe, ba ta ji ne. In ka tsaya gabanta..."

"Lakwal ba gidan kurame ba ne."

Ousmane ya ja da baya. Yana da iyali, aikin kuma ɗaya ne. Ya tsani kansa a kan haka.

Sai a lokacin Baturen ya zo ya tsaya gaban Balki, ya dube ta ido da ido, ya ce da Faransanci, "Wannan ba ta fahimtar komai. Gaya mata da yarenku ta koma gida."

Ousmane bai kai ga buɗe baki ba. Balki ta riga ta miƙe, ta ajiye allin a kan tebur, ta ɗauki ɗankwalinta ta fita.