Ƙugun Hagu na Horiuchi

Ina da wani hali, ba na iya riƙe shawara a baki, musamman a kan abin da ban iya ba. Ni na tura abokin aikina Horiuchi wurin masu gwajin bugun golf ɗin nan na bayan tashar jirgi, ni da ban taɓa buga ƙwallon golf ta tashi sama ba.

Shekara goma sha ɗaya kamfaninmu na kwalaye yana tura Horiuchi ya yi wasan golf da tsoho Kuwabara, mai gonakin shayin da ke sayen rabin kwalayenmu. Shekara goma sha ɗaya ƙwallonsa tana karkacewa dama ta faɗa cikin itatuwa, abin yana cin ransa.

A wurin gwajin, wata Nogami ta kewaye shi da kyamarori, ta sa shi tsugunno da tsayuwa a ƙafa ɗaya, sannan ta nuna masa bugunsa a allo a hankali.

“Laifin ba na hannunka ba ne, Horiuchi-san. Ƙugunka na hagu ne ya yi ritaya ya bar ka.”

Wata uku yana miƙe jijiya safe da yamma.

Ranar wasan bana, sati guda kafin a sabunta kwangila, ya yi bugun farko. Ƙwallo ta tafi ɗoɗar, ta wuce ta tsoho da taku arba'in. Ya waiwayo yana jiran yabo, sai ya ga Manaja Tsuchiya, ubangidanmu a kamfani, ya ƙura wa takalminsa ido.

Da aka tsaya cin abinci bayan rami na tara, wato rabin wasa, Horiuchi ne gaba da bugu uku. Manaja ya tare shi a wurin wanke hannu.

“Wa ya taɓa ka?”

“Ƙugu na gyara, Manaja.”

“Wa ya aike ka? Ka ɗauka don kyan fuskarka muke kawo ka? Kai kaɗai ne a kamfanin nan kake faɗuwa tsakaninka da Allah.” Ya goge hannu a tawul. “Tsohon nan ba ya son a ci shi. Wanda kuma ya faɗi da gangan, ba ya ƙara gaisawa da shi. Haka masu kwalayen da muka gaji gurbinsu suka tafi.”

“To yaya zan yi?”

“Ka nemo tsohon ƙugunka.”

Ya nema. A rami na goma ya ƙage jiki, ya tuno duk abin da Nogami ta hana shi, ya aikata. Ƙwallo ta tafi ɗoɗar. Tsoho ya dube shi ta saman tabarau.

“Bana ka ci wani abu, Horiuchi-kun.”

“Iska ce, Shugaba.”

Ko ganye ba ya motsi.

Daga nan tsoro ya fara yi masa abin da dabara ta kasa. Gumi ya jiƙa safar hannunsa, bugu ɗaya ya zube a yashi, biyu a tafki. Suka iso rami na ƙarshe kunnen doki. Tsoho ya jefa tasa a rami. Ta Horiuchi tana kamu uku daga bakin rami: in ta shiga ya yi nasara, in ya kauce kuma, daga nan ko makaho zai ce da gangan ne. Tsoho ya zo ya tsaya daf da shi, ya harɗe hannu a baya. Horiuchi yana jin numfashin Manaja a ƙeyarsa. Ya rasa abin da zai roƙa, ya buga da niyyar ta shiga.

Ƙwallo ta gangara. Ta lashi bakin rami ta wuce. Bugu na biyu ma haka.

Tsoho ya yi dariya har da tari. “Yawwa, ga Horiuchin da na sani.”

A wurin wanka Manaja da kansa ya miƙa masa tawul. Horiuchi ya koma gida ya jefa takardar atisayen Nogami a kwandon shara.

Ran Litinin muka ji cewa tun watan Afrilu tsoho ya sauka daga kujera. 'Yarsa ce ke sa hannu a kwangila, kuma ba ta wasan golf.