Cokali da Kwano a Shagon Fabian

Da Sharafaddeen tela ya ajiye leda a kan kantar Fabian, mai sayar da kayan sauti a Titin Bauchi, sai Fabian ya leƙa ciki ya ga kwanon silba da cokali.

"Oga tela, nan ba gidan abinci ba ne fa. Na Mama Nmachi yana gaba kaɗan."

"Fito min da masu katakon nan biyu," in ji Sharafaddeen. "Na zo da abin gwajina."

Hedfon biyu ne, abin jin kiɗa na sawa a kunne, da ya daɗe yana zagayawa yana kallo. Duka bayansu a rufe yake da ƙoƙon katako, ɗaya ja, ɗaya baƙi. Shi mutum ne mai son kiɗa mai kauri, irin amon da ake kira bes, wanda ƙirji ke riga kunne ji. Sai dai a gidansu na Rikkos ba ya kunna rediyo. Mahaifinsa Malam Datti, tsohon direban tifa, yana kwance tun da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi ta tafi da maganarsa. Hannu ɗaya ya rage masa, in yana son ruwa ko juyi sai ya buga cokali a jikin kwano. Don wannan bugun Sharafaddeen ya dawo da keken ɗinkinsa zauren gida. Yau ma sai da ya roƙi maƙwabci ya zauna da tsohon, ya bar masa kofi da wani cokalin, kafin ya fito.

Ya bayyana wa Fabian abin da yake so. Zai sa kowanne a kunne ya saurari kiɗa, shi kuma Fabian ya koma bayan labule ya riƙa buga kwanon a hankali, kamar mai hannu ɗaya da ba ƙarfi.

Fabian ya daina dariya. Ya ɗauki kwanon ya shige.

Aka fara da jan. Mara nauyi ne, sosonsa bai kama kunne gam ba. Ganga ta shigo da daɗi, jita mai kauri tana binta a baya, amma kamar kiɗan biki ne a layin da ke bayanka. Ta ƙarƙashin kiɗan ya ji wani ɗan acaba yana zagin mai bas, sannan ya ji abin da yake jira: ƙwal, ƙwal.

"Na ji," ya ce. "Kawo ɗayan."

Baƙin ya fi nauyi. Da ya zauna a kansa sai Titin Bauchi ya ɗauke ɗif, kamar an rufe murfin rijiya yana ciki. Sannan bes ɗin ya taso daga can ƙasa, ya bi ta haƙoransa ya sauka a cikinsa. Waƙar da ya sani tun yana saurayi ce, amma bai taɓa sanin akwai wata igiya tana tafiya a ƙasanta ba. Ya lumshe ido. Kafaɗunsa suka sauka da kansu.

Sai da waƙar ta ƙare ya buɗe ido, ya ga Fabian tsaye a gabansa, kwano a hannu.

"Ka fara bugawa kuwa?"

"Fara? Oga, na buga kamar mai ciwo, na buga kamar mai tallan kananzir. Har Chimdi na shagon kusa ya zo tambaya ko lafiya."

Sharafaddeen ya cire baƙin ya ɗora a cinya, yana shafa katakon. Abin da ya tsorata shi shi ne daɗin da ya ji. A gida ko tsohon bai buga ba yana jin bugun, a cikin ƙarar keke, a cikin sallah, har a banɗaki yakan katse ya fito da gudu ya tarar da shi yana barci. Yanzu ne kawai, tsawon waƙa ɗaya, kansa ya yi shiru. Ya tambayi kansa, wane irin ɗa ne ke jin daɗin kurumcewa ga mahaifinsa?

"Ba wanda zai ba ni wannan bes ɗin kuma ya bar ni in ji waje?"

"Babu," in ji Fabian. "Bes yana son ɗaki a rufe. Ka buɗe masa taga, ya gudu. Ka ɗauki jan mana, ai shi ka zo nema."

Gaskiya ne, shi ya zo nema. Ya ɗaga jan ya juya shi. Da wannan zai yi ɗinki yana rabin sauraro, rabin tsaro, kamar yadda yake yin komai yanzu. Kuma ya san halinsa: jiya ya ɗaga wa tsohon murya don ya zubar da koko, har idon tsohon ya kawo ruwa. Kunnensa bai taɓa barin ɗakin ba, amma haƙurinsa ya fara fita.

"Kai kaɗai Babanka ya haifa?" Fabian ya tambaya yana naɗe wayar hedfon.

Sharafaddeen ya dubi kwanon. Yana da ƙane, Abdulmalik, mai gyaran mota a Bukuru, wanda duk zuwansa sai ya ce a bar shi ya kwana, shi kuma Sharafaddeen ya ce ba komai, ai yana iyawa. Yana son a riƙa cewa shi ne mai riƙe da Baba. Bai taɓa kallon wannan son a matsayin abin tuhuma ba sai yau.

Ya tura jan gefe, ya ciro wayarsa.

"Abdul, kana aiki?"

"Yaya! Lafiya? Baba ne?"

"Baba lafiya lau. Ranar Asabar nake so ka zo ka wuni da shi. Duk Asabar, in za ka iya."

Ta cikin wayar ya jiyo ƙarar guduma a garejin.

"Kai fa, ina za ka?"

"Ba inda za ni. Ina zaure. Amma in ya kira, ba zan ji ba."

"To ai shi ke nan, ni zan ji. Ka nuna min yadda ake juya shi kawai, kar in ji masa ciwo."

Sharafaddeen ya kashe wayar, ya miƙa wa Fabian baƙin.

"Sa min a kwalinsa. Ba zan buɗe ba sai Asabar."